Ɓerayen furojet ɗina sun mutu bayan allurar ivermectin, maganin ne jabu? Amsar likitan dabbobi

Wata ɗaliba daga nan cikin Katsina ta turo mani tambaya, ga ta a taƙaice: "Likita ina ajin ƙarshe, furojet ɗina kan ruwan ganyen sabara ne, na sayo fararen ɓeraye 20 na aje su saba da wuri. Na ga suna ta susa gashin wuyansu na zubewa, sai na je shagon maganin dabbobi aka ba ni ivermectin ta shanu aka ce in yi ma kowane 0.1 mil. Washegari na iske 7 sun mutu, wasu na tangaɗi ba su iya tsayuwa. Maganin ne jabu? Ƙawayena sun ce in zubar da su in sayo wasu in yi shiru. Akwai inda ake kai rahoton irin wannan?"

Sannu ƙanwata, Allah ya mayar maki da alheri, ɓeraye 20 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga ɗaliba ga kuma lokacin kare furojet na ƙaratowa. Amma kafin komi don Allah kar ki yar da kwalbar nan, da kwalinta, da sirinjin da kika yi allurar da shi, da rasit in an ba ki. Waɗanda suka mutu ma in ba su riga sun lalace ba ki ƙulle su a leda ki sa a firij, wajen sanyi ba wajen ƙanƙara ba. Shawarar ƙawayenki ta a yi shiru ban yarda da ita ba ko kaɗan, zan gaya maki dalili, amma mu fara da lissafi don a nan amsar tambayarki ta farko take.

Ivermectin ta allura, maganin tsutsa da ƙwarin fata da ake sayarwa don shanu da tumaki, yawanci mai kashi 1 cikin 100 ce, wato kowane mil 1 akwai miligiram 10 na magani a ciki, ki duba jikin kwalbar za ki gani. Awon da ake ba dabba shi ne miligiram 0.2 kan kowane kilo 1, shi ya sa za ki ji makiyaya na cewa mil 1 ga kilo 50. To farin ɓera babba nauyinshi giram 25 ne zuwa 30, bai kai ko kusa da kilo ba, kilo 1 sai kin tara ɓeraye wajen 40. In muka ɗauki giram 25, abin da ɓera ɗaya ke buƙata miligiram 0.005 ne, wanda a cikin wannan kwalbar ya zo 0.0005 mil, abin da babu sirinjin da ke iya auna shi, ko na masu ciwon suga. Ke kuma an ce ki ba da 0.1 mil, wato miligiram 1 cur, a jikin ɓera ya zama miligiram 40 kan kilo. Ninki 200 ke nan na abin da ya kamata. 0.1 mil ɗin nan awon ɗan akuya ne mai kilo 5. Kuma gwaje-gwajen guba da aka yi ma maganin tun farko sun nuna wajen miligiram 25 zuwa 30 kan kilo na kashe rabin ɓerayen da aka ba. Kinga ke nan mutuwar 7 cikin 20 da tangaɗin sauran daidai yake da abin da magani mai kyau, na gaske, zai yi in an ba da shi da wannan yawa. Alamomin da kika faɗa ma nashi ne, tangaɗi, rawar jiki, runtse ido, kwanciya kamar barci, numfashi na ja baya har ya tsaya, don maganin in ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake shiga ya danne jijiyoyi.

Don haka a ganina, da abin da kika bayyana, awo ne ya kashe su ba jabu ba. Jabun magani galibi rauni gare shi, a yi allura ciwo bai tafi ba, shi ne abin da muka fi gani a maganin tsutsa da na sammore. Amma na ce galibi ne, don akwai jabun da ke kisa, kuma sau da yawa ba maganin kanshi ba ne, ruwan da aka narka shi a ciki ne. 'Yan Najeriya ba za su manta da My Pikin ba, maganin haƙoran jarirai, a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara 84 suka rasu saboda an haɗa shi da diethylene glycol mai kashe ƙoda a maimakon propylene glycol. Ita ma ivermectin ta allura a cikin propylene glycol ake narka ta. Shi ya sa na ce ki riƙe kwalbar, ni daga nesa lissafi kawai nake iya yi, abin da ke cikin kwalba kuwa sai ɗakin gwaji.

Kuma likita na ƙwarai ba ya tsayawa kan zargi ɗaya ko da ya yi ƙarfi, sai ya tambayi sauran. Ɗakin da ɓerayen suke yaya zafinshi? Ɓera na son digiri 20 zuwa 26, ba ya gumi irin namu, a bazarar Katsina kuwa ɗaki mai rufin kwano na wuce 40, in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya ga su cunkushe a keji ɗaya, zafi kaɗai na iya kwashe su a yini guda. An fesa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin ko kusa da shi don sauro ko kyankyaso? In shi ne za ki ga miyau na dalala, hawaye, zawo, jiki na karkarwa. Akwai wanda ya yi aiki da kulorofom a ɗakin? Wannan ɗalibai ba su cika sani ba, tururin kulorofom kaɗan da mutum ba zai ma damu da shi ba yana kashe ƙodar mazan ɓeraye na wasu jinsuna, matan su tsira, an daɗe da sanin haka, to in waɗanda suka mutu duk maza ne a duba nan. Abincin fa, dusar kaji ce da ta yi fumfuna? Garin katakon da aka shimfiɗa masu daga ina aka kwaso? Sannan ita allurar a ina kika yi, ƙarƙashin fata ko cikin ciki? Allurar ciki a hannun wanda bai ƙware ba tana huda hanji ko mafitsara, amma wannan yakan ɗauki kwana biyu uku kafin ya kashe kuma ba ya kawo irin tangaɗin nan. Ki zauna ki rubuta amsar duk waɗannan yau ɗin nan tun ba ki manta ba.

Waɗanda ke raye, ivermectin ba ta da makari, jinya ce kawai. Ki ware masu tangaɗi, ki aje su wuri mai ɗumi daidai don ɓeran da ya kwanta jikinshi na saurin yin sanyi ko a garin zafi, ki jiƙa abinci ya yi laushi ki sa a ƙasan keji inda bakinsu zai kai, ruwa ma haka. Likita na iya yi masu ruwan gishirin asibiti mai ɗumi ƙarƙashin fata, rabin mil zuwa mil 1. Kar ki ɗura masu madara ko manja ko wani abu, ɓera ba ya iya amai, kuma wanda ba ya cikin hayyacinshi ɗura na wucewa huhu ne. Kar a ba su diazepam don rawar jiki, yana ƙara danne su. Wasu za su tashi cikin 'yan kwanaki. Sai dai ko sun tashi, gaskiya ɗaya ce, bai kamata su shiga gwajin sabararki ba. Maganin na maƙalewa a kitse yana fita a hankali, hanta ta sha wahala, in kika ba su ruwan ganye kika auna sinadaran hanta kika ga sun hau, wa za ki ɗora mawa? Za ki rubuta sabara na taɓa hanta, wani ɗalibi ya kwafa daga gare ki, wani ya kwafa daga gare shi, alhali ganyen bai yi komi ba. Wannan shi ne abu na farko da shiru ke jawowa.

Yanzu bari in ba ki labarin da ya sa tambayarki ta taɓa ni, don kusan irin abin da ya same ki ne. A wata cibiyar binciken ciwon daji a Amsterdam, ƙasar Holan, wani masani Alfred Schinkel da abokan aikinshi sun samar da ɓeraye da aka cire ma wata ƙwayar gado mai suna mdr1a, su abin da suke nema shi ne dalilin da ke sa ciwon daji ke bijire ma magani. Ɓerayen suka taso lafiya lau kamar ba a taɓa su ba. Sai ƙananan ƙwarin fata suka shiga ɗakin, irin dai masu sa susar nan da kika gani, aka fesa masu ivermectin da aka tsinka, awon da aka saba kuma aka san ba ya cutar da ɓera. Sai ga wasu sun mutu. Da an bi irin shawarar ƙawayenki da an share keji an zuba wasu. Su kuwa suka tsaya suka duba su wane ne suka mutu, sai suka ga duk masu rashin ƙwayar gadon ne, sauran ko gezau. Da suka bi diddigi suka gano ƙwayar gadon ce ke yin wani furotin, P-glycoprotein, da ke zaune a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kamar maigadi a bakin ƙofa, duk ivermectin da ta shigo ya tura ta waje. Ɓeran da ba shi da shi maganin ya taru a ƙwaƙwalwarshi kusan ninki 90, kuma awon da ke kashe shi ya yi ƙasa da na sauran kusan ninki 100. Sun buga sakamakon a 1994.

Abin bai tsaya kan ɓera ba. Tun bayan da ivermectin ta shiga kasuwar dabbobi a 1981 likitoci a Amurka da Turai ke ta kai rahoton wasu karnuka jinsin Collie da ke faɗuwa su suma ko su mutu da awon da sauran karnuka ke sha lafiya, rahotanni na taruwa ba a san dalili ba. Aikin ɓerayen Amsterdam ya nuna inda za a duba, a 2001 wata likitar dabbobi Katrina Mealey a jami'ar jihar Washington ta gano karnukan nan suna da naƙasa a wannan ƙwayar gadon. Yau ana iya gwada kare kafin a ba shi maganin. Ki lura da abubuwa biyu da suka haɗu, likitocin da suka riƙa rubuta abin da suka gani ko da ba su fahimce shi ba, da masu binciken da ba su zubar da gawar ɓera sun yi shiru ba. Kuma a nan akwai gargaɗi gare ki kai tsaye, jariran ɓeraye shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwarsu bai gama ƙwari ba, ivermectin na yi masu illa fiye da manya, har ta nonon uwa.

Shi kanshi tsarin kai rahoton illar magani daga masifa ya samo asali, kuma da ɓera a cikin labarin. Thalidomide ya fito a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki na sha don barci da tashin zuciya, kafin a janye shi a ƙarshen 1961 an haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Abin da ya kamata ɗalibar kimiyya ta riƙe shi ne ɓera ba ya nuna wannan naƙasar, sai da aka gwada a zomo da biri aka gan ta. Bayan haka Ingila ta fara katin rawaya na kai rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan magunguna a 1968, cibiyar tattara rahotannin na Uppsala a ƙasar Suwidin, Najeriya ta shiga a 2004 ta hannun NAFDAC. To kinga ɓera ba ƙaramin mutum ba ne, kuma ba ƙaramar saniya ba ce, kowace halitta da yadda jikinta ke karɓar magani. Penicillin da aka fara tabbatar da amfaninshi a kan ɓeraye 8 a Oxford a 1940, shi ne ke kashe ɓeran masar da zomo ta hanyar lalata ƙwayoyin hanjinsu. Allurar pen-strep da ake yi ma shanu kullum, streptomycin da procaine da ke cikinta guba ne ga ɓera, na faɗa don na san ita ce ta biyu da mai shago zai miƙo maki in kika ce ɓera ba ya da lafiya.

Zuwa tambayarki ta ƙarshe, e, akwai inda ake kaiwa, kuma naki ya cancanta. Mutane na zaton rahoto sai in magani ya yi illa a awon da ya dace, a dabbar da aka rubuta a kwali. Ba haka ba ne. A tsarin sa ido kan magungunan dabbobi ana son a ji in an ba dabbar da ba ta cikin kwali, ana son a ji in an wuce awo bisa kuskure, ana son a ji in magani ko rigakafi bai yi aiki ba, in ya taɓa mutumin da ya yi allurar ko ya yi ma dabbar wankan magani, in ya rage a nama ko nono bayan kwanakin jira da aka rubuta a kwalba, har in ya kashe kifi ko tsuntsu a muhalli. Kuma ba sai kin tabbatar ba, zargi ya isa. Masu karɓar rahoto ne ke auna shi, a da a Turai ana kasa shi gida huɗu, wanda alama ta yi ƙarfi magani ne, wanda yana iya yiwuwa, wanda bayani bai isa a yanke hukunci ba, da wanda da wuya ya zama magani ne. Abin da suke dubawa shi ne tazarar lokaci tsakanin magani da alama, ko alamar ta dace da yadda maganin ke aiki, ko an taɓa ganin irinta, ko akwai wani dalili daban. Rahoton da aka rasa yadda za a yi da shi shi ne wanda ba kwanan wata, ba awo, ba lambar kwalba.

Saboda haka takarda ɗaya ta ishe ki in kin cika ta da kyau. Ki rubuta sunan maganin kamar yadda yake a kwali da ƙarfinshi, kamfanin da ya yi da wanda ya shigo da shi, lambar bac wato lambar rukunin da aka yi maganin a ciki, ranar yi da ranar lalacewa, lambar rajistar NAFDAC in akwai, in babu ki rubuta babu don wannan ma labari ne babba. Inda kika saya da yadda kika iske an aje shi, a rana ko a inuwa, kwalbar a rufe take ko an riga an huda ana ɗiba ma mutane. Sai dabbobin, jinsi, maza nawa mata nawa, shekaru ko makonni, nauyi, nawa aka yi mawa, nawa suka nuna alama, nawa suka mutu, ƙarfe nawa aka yi allura ƙarfe nawa kika fara ganin canji. Awon da kika ba da ki rubuta shi yadda yake, 0.1 mil, kar ki rage don jin kunya, ba kotu ba ce. Ki ɗauki hoton kwalbar ta kowane gefe da bidiyon masu tangaɗin, bidiyon daƙiƙa 30 ya fi dogon bayani amfani ga likita.

Gawarwakin kuma ki kai ma likitan dabbobi da wuri, ɓera na saurin lalacewa musamman a zafinmu. Zai buɗe ya duba ko allura ta huda wani abu, ya yanki hanta, ƙoda, huhu da ƙwaƙwalwa ya sa a fomalin mai kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10, wani yankin hantar kuma shi ne za a daskarar don gwajin guba. Ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin nama ta ɓata abin da za a gani a madubin likita, shi ya sa na ce kar ki daskarar da gawar gaba ɗaya. Irin wannan aikin ana yin shi a asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato wadda ke nan tun 1924. Ki sani ivermectin ba ta cika barin tabo da ido ke gani ba, in aka buɗe aka ga komi lafiya wannan ma yana ƙara ƙarfin zargin.

Wa za a ba takardar? Na farko malamin da ke duba furojet ɗinki da kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarku, yau ba gobe ba. Na biyu likitan dabbobi mai rajista, ko a asibitin dabbobi na gwamnati, ya sa hannu ya miƙa ofishin daraktan kula da lafiyar dabbobi na jiha. Na uku NAFDAC, ita doka ta ba rajista da sa ido kan magunguna har da na dabbobi tun kafa ta a 1993, tana da sashe na musamman na magungunan dabbobi, kuma tana da ofishi a nan Katsina kamar sauran jihohi. Fom ɗinsu mai ruwan ɗorawa da manhajar Med Safety da suka fito da ita a 2020 an tsara su ne don majinyata mutane, to naki ki kai shi a wasiƙa da hotuna, ki riƙe kwafi su buga maki hatimin karɓa. Na huɗu kamfanin da sunanshi ke kwali. Shi kuma mai shago, ki koma cikin mutunci ki nuna mashi lissafin nan, ba faɗa ba, don gobe wata ɗaliba za ta shigo da irin tambayarki kuma 0.1 mil zai sake faɗa in ba wanda ya gaya mashi. Faɗin awon magani aikin likita ne mai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, wanda ya san kwalba da farashi bai zama lallai ya san wannan ba.

Kila ki ce duk wannan wahala don ɓera 7. Wallahi abin da ke damuna ya wuce ɓera, halin shirun ne, don shi nake gani kullum a wajen masu dabbobi. Ki je kasuwar Mai'adua ko Charanchi ki ga yadda ake shimfiɗa magunguna a tabarma cikin rana, rubutun wasu Faransanci ne, wasu Larabci, mai saye bai iya karantawa mai sayarwa ma haka. Mutum ya ga Berenil, wato diminazene, ya yi ma saniyarshi maganin sammore, sai ya ɗauka ya yi ma raƙuminshi, alhali raƙumi ba ya jure wannan maganin, yana taɓa mashi ƙwaƙwalwa da ƙoda, jaki da kare ma suna cikin haɗari. Raƙumi ya faɗi a ce iska ce ko sammu ko kwana ya ƙare, a yanka a rufe zance, maƙwabci ya maimaita bayan wata biyu. Masu dawaki a Daura da Katsina, masu kiwon dokin hawan Sallah da Sallar Gani da suke kashe mashi kuɗi kamar ɗa, su sani abincin kaji mai maganin monensin ɗan kaɗan na kashe zuciyar doki, kuma amitraz da ake wanke shanu da karnuka da shi don kaska na tsayar da hanjin doki. A magungunan tsutsa, closantel in ya yi yawa yana makantar da tunkiya da akuya, levamisole tazarar magani da gubarshi kaɗan ce a akuya, albendazole a farkon ciki na naƙasa ɗan tayi, farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Duk waɗannan an san su ne don wani a wani wuri ya gani ya rubuta. Wanda ke faruwa a garkunanmu, da jinsin dabbobinmu, da zafinmu, da magungunan da ke shigowa ta iyaka, in mu ba mu rubuta ba babu mai rubuta mana.

Kuma wani lokacin illar ba a dabbar da aka yi mawa take fitowa ba. A Indiya da Pakistan cikin shekarun 1990 ungulaye suka riƙa faɗowa suna mutuwa har wasu jinsunan suka ragu da sama da kashi 95 cikin 100, an yi ta zaton annoba ce, sai a 2004 aka buga binciken da ya tabbatar diclofenac ne da ake yi ma shanu, ungulu ta ci mushe ƙodarta ta mutu. Indiya, Pakistan da Nepal suka hana shi ga dabbobi a 2006 aka koma meloxicam. Mu ma nan diclofenac na hannun masu kiwo. Ga kuma ragon layya da ake yi ma oxytetracycline mai dogon zango ana saura kwana uku Sallah, kwanakin jira na rubuce a kwalba ba mai dubawa, iyali su ci.

Game da sababbin ɓerayen da za ki sayo, ki wanke kejin da ruwan zafi da sabulu ki sake shimfiɗa, ki aje su nesa da tsofaffin don ƙwarin fatar ta gogayya suke yaɗuwa. In kin ga susa kar ki fara da magani, mazan ɓeraye na cizon juna, wani kuma na aske gashin 'yan uwanshi da haƙori, duk suna kama da ciwon fata. A manna salatif a gashin a duba a madubin likita, minti biyar ne a ga ƙwaron ko ƙwanshi. In an tabbatar, likita ne zai tsinka maganin, misali mil 1 cikin mil 99 na propylene glycol mai kyau, don a ruwa zalla ba ya narkewa daidai, sai ya zama miligiram 0.1 a kowane mil, ɓera mai giram 25 ya samu 0.05 mil. A auna kowane ɓera a sikeli, a fara da biyu a jira kwana ɗaya kafin a yi ma sauran, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu don maganin ba ya kashe ƙwai. Sannan ki ba su makonni kafin ki fara ba su sabara, ku yanke tsawon lokacin tare da malaminki, kuma ki rubuta a babin hanyoyin bincike cewa an yi masu ivermectin, awo kaza, ranar kaza.